Tallafa wa cibiyar ceton namun daji: kuɗi, kaya ko lokaci?

Mai_Neman_Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin cibiyoyin da ke karɓar namun daji masu rauni da marayu, su yi jinyarsu su mayar da su daji. Idan mutum ko ƙungiya na son taimaka musu, me ya fi amfani? Ni a ganina kaya sun fi kuɗi, don ka san inda abinka ya shiga. Na biyu kuma, wannan ɓangaren nasu na wayar da kai, zuwa makarantu da buga takardu, ina ganin kamar cin rabon dabbobin da ke kwance ne. A gyara mini idan na kauce.

DaktanDaji: Wa alaikumus salam. Ka kauce a duka biyun, Malam, amma bari mu fara da na farko. Abin da ke cin kuɗin cibiya yawancinsa ba a iya sa shi a kwali a kawo: wutar da ke riƙe firiza da akwatin ɗumama jarirai dare da rana, ruwa, man mota, hoton ƙashi, gwajin jini, da albashin wanda zai tashi ƙarfe biyun dare ya ba da madara. Kaya kuwa suna zuwa ne yadda mai bayarwa ya ga dama, ba yadda buƙata take ba. Lokacin gobarar dajin Ostireliya a 2019 zuwa 2020, mutane daga ƙasashe da dama suka yi ta ɗinka jakunkuna da safar hannu don dabbobin da suka ƙone, har masu aikin ceton suka fito suna roƙon a dakata, saboda wurin ajiya da tantance kayan sun zama wani aikin daban. Kuɗi kaɗan da ke shigowa kowane wata ba fashi ya fi babban kaso na rana ɗaya, don da shi ake iya lissafin abincin watanni masu zuwa.

Hajiya_Tsuntsaye: Dakta, ban ƙi taka ba, amma kada a kashe wa masu kaya gwiwa. Kaya na da amfani idan an fara tambaya. Kusan kowace cibiya na da jerin abin da take nema. Abin da ba ya taɓa yin yawa: sikeli mai auna giram ɗaya ɗaya, sirinji na mililita 1 da 3 da 10, safar hannu ta roba, takardar goge hannu, tsofaffin jaridu, sabulun wanki marar turare, kwalaye masu ƙarfi. Abin da ke cutarwa kuma mutane ba su sani ba: tawul mai zare-zare, don farcen tsuntsu ko na ɗan kurege na maƙalewa a zaren, ya yi ta fizga har yatsa ya karye ko zare ya ɗaure shi jini ya daina zuwa. Tsohuwar riga ta auduga ko rigar matashi ta fi. Kejin waya ma ba na tsuntsun daji ba ne, yana dukan wayar ya kakkarya gashin fiffike da na wutsiya, sai an jira sabo ya fito kafin a sake shi, wani lokaci watanni. Sai busasshiyar ciyawa da ta sha laima: funfunar da ke cikinta na shiga huhun shaho da mujiya da tsuntsayen ruwa, cuta ce mai wuyar magani.

Ɗan_Baiwa22: Madarar gari fa? Ai marayu na buƙata.

Hajiya_Tsuntsaye: A'a ɗana, kada ka saya sai sun faɗa maka sunanta. Madarar shanu gudawa take sa yawancin jariran namun daji, gudawa kuwa a jikin da bai kai giram ɗari ba mutuwa ce cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsuntsu kuma ba a ba shi madara kwata-kwata.

MalamKiwo: In ƙara kan maganar Hajiya. Kowane jinsi da irin nononsa, wani mai ya fi yawa a ciki, wani sukari. Jariran giwa sun daɗe suna mutuwa a hannun masu reno kafin Daphne Sheldrick a Kenya ta gano cewa man kwakwa ne irin man da cikinsu ke karɓa, kuma har yanzu duk awa uku ake ba su, dare da rana. Ga ƙananan dabbobi, ƙa'idar da ake bi ita ce kada abin da za a ba su a zama ɗaya ya wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu. Ɗan kurege mai giram 100, mililita 5 ke nan. Shi ya sa sikelin da Hajiya ta ambata ba ado ba ne, kullum da safe ake aunawa a rubuta. Ana ba shi yana kwance kan cikinsa, ba a rigingine kamar jaririn mutum ba. Ka ga kumfar madara ta fito ta hanci, ta bi hanyar huhu ke nan, a tsaya nan take. Bayan an gama a shafa masa ƙasan ciki da auduga mai ɗumi ya yi fitsari da kashi, aikin da uwarsa ke yi da harshe. Duk wannan hannun mutum yake ci, kuma a nan gizo ke saƙar.

Gaskiya_Ɗaya: To tunda hannu ake nema, a ba da lokaci kawai. Wa zai ƙi zuwa ya yi wasa da 'ya'yan barewa?

Sarkin_Shara: Wanda ya zo da wannan niyyar ba ya yin sati biyu. Aikin sa kai a cibiya wanki ne, da kwashe kashi, da yanka abinci, da goge keji. Kuma gogewar ma da tsarinta. A fitar da dabba tukuna. A kankare kashi da ragowar abinci, a wanke da sabulu, a ɗauraye. Sannan bilic, kusan mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa idan irin na wankin gida ne, a bar shi jiƙe minti goma, a sake ɗaurayewa, a bari ya bushe sarai kafin a mayar da dabba, don tururinsa na ƙona hanyar numfashin tsuntsu. Kuskuren sabbin zuwa guda biyu ne: zuba bilic kan datti, wanda ba ya kashe komai, da haɗa shi da wani sabulun mai amoniya, wanda ke tayar da iska mai guba. Haɗin kuma kullum ake sabo. Tsintsiya da bokitin ɗakin killacewa ba sa fita daga ɗakin. Mai zuwa rana ɗaya a mako har shekara ya fi mutum ashirin masu zuwa sau ɗaya, don kowane sabo sai ma'aikaci ya bar aikinsa ya koya masa.

DaktanDaji: Kuma duk wanda zai taɓa jemage ko dila ko danginsu sai ya yi allurar rigakafin haukan kare tun kafin ya fara. Idan an cije shi, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, sannan asibiti, ko da ya yi rigakafin. Biyan kuɗin allurar ma'aikata ma tallafi ne babba da ba kowa ke tunawa da shi ba.

Direban_Dare: Akwai aikin da ba ya buƙatar taɓa dabba sosai: ɗauko ta daga inda aka tsince ta. Kwali mai ramukan iska da aka huda kafin a sa ta, ƙyalle a ƙasa don kada ta zame, murfi a rufe, rediyo a kashe, ba hira, ba leƙe. Gorar ruwan ɗumi a naɗe da ƙyalle a gefe ɗaya kawai, yadda idan zafi ya yi mata yawa za ta matsa. Ba abinci, ba ɗura ruwa a baki. Dabbar da jikinta ya yi sanyi ba ta narkar da komai.

Mai_Neman_Sani: Ko ruwa? Na ɗauka ruwa ne farko.

DaktanDaji: Ɗumi ne farko, sai ruwa, sai abinci, kuma ruwan lissafa shi ake yi. Ɗauki mujiya mai giram 500 da ta bushe kashi 10 cikin ɗari. Giɓin da za a cike mililita 50 ne, ga kuma buƙatarta ta yau da kullum, kusan mililita 50 a kowane kilo, wato 25 a rana. Ba a lokaci ɗaya za a ba ta ba, ana raba giɓin kan kwana biyu zuwa uku, ta ƙarƙashin fata ko ta siririn bututu zuwa ciki. Ƙofar numfashin tsuntsu a gindin harshe take, a buɗe, duk wanda ya ɗiga ruwa a bakin can yake tafiya. Wadda yunwa ta rame da ita ƙwarai kuma, cika mata ciki a ranar farko na iya kashe ta, da kaɗan kaɗan ake farawa.

Malama_Ilimi: Ku ba ni dama in koma kan rabin tambayar da aka bari, don abin da Dakta ya gama bayani shi ne hujjata. Mai tambaya da kansa bai san ba a ɗura ruwa ba, kuma shi mai son dabbobin ne. Aikin wayar da kai ke nan. Da yawa daga jariran da ake kawowa ba marayu ba ne, ɗauke su aka yi da kyakkyawar niyya. Ɗan tsuntsun da gashi ya rufe shi yana tsalle a ƙasa koyon tashi yake, iyayen na kusa suna ciyar da shi. Wanda bai yi gashi ba a mayar da shi sheƙa, maganar cewa uwa za ta ƙi shi don warin hannun mutum ba gaskiya ba ce. Barewa da zomo na ɓoye 'ya'yansu su tafi kiwo na awanni. Idan aka ɗauko ɗan tsuntsu ɗaya da ba ya buƙata, an ɗora wa wani ma'aikaci ciyarwa duk minti 20 zuwa 30 daga asuba zuwa faɗuwar rana har makonni. Mutum ɗaya da ya iya amsa waya, ya ce a turo hoto, ya ce a mayar da shi inda aka gan shi, ya rage wa ɗakin jinya aikin da kuɗi mai yawa ba zai rage ba.

Gaskiya_Ɗaya: Malama, wannan amsa waya ce, na yarda da ita. Amma zuwa aji a nuna wa yara mujiya su yi tafi, me ya canza?

Malama_Ilimi: Idan tafi kawai aka yi, ba abin da ya canza, kuma irin wannan ni ma ba zan ce a ba shi sisi ba. Darasi mai amfani shi ne wanda ya fito daga littafin karɓar marasa lafiya na cibiyar, a duba me ya fi kawo dabbobi, a koyar da wannan. Shinkafar ɓera mai hana jini daskarewa: ɓeran ya ci ya yi kwanaki yana tangaɗi, mujiya ta kama shi, ita ma jini ya ɓalle mata a ciki, sai bitamin K1 na makonni idan an ci sa'a. Tarkon gam: yana kama tsuntsu da ƙadangare da jemage, kada a fizge, a rufe sauran gam ɗin da takarda a kawo su tare da tarkon. Gilashin taga: alamun a manna su ta waje, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 5, hoton shaho guda ɗaya a tsakiya ba ya hana komai. Kyanwa: tsuntsun da ya shiga bakinta na buƙatar maganin ƙwayoyin cuta cikin awanni ko da ba a ga rauni ba. Zaren fatsa da aka yar a bakin ruwa. Gutsuren harsashin dalma a cikin mushe, wanda ke kashe mikiya da ungulu. Kowane ɗaya abu ne da mai sauraro zai iya yi ko ya bari gobe.

MalamKiwo: Misalin ungulu ma ya isa. A Indiya daga shekarun 1990, wasu jinsunan ungulu sun ragu da sama da kashi 95 cikin ɗari saboda diclofenac, maganin ciwo da ake yi wa shanu, su ci mushen ƙodarsu ta lalace. An hana amfani da shi a dabbobi a 2006, aka nuna meloxicam a madadinsa. Ba ɗakin jinyar da zai iya tare irin wannan, sai magana da makiyaya da masu sayar da magani.

Baba_Mai_Shakka: Yara, ku yi hankali da kalmar wayar da kai, don da ita ake lulluɓe kasuwanci. Wurin da zai ba ka ɗan zaki ka rungume ka ɗauki hoto ba cibiyar ceto ba ce, ko me ya rubuta a allo. Ka tambayi kanka me ya sa kullum akwai jarirai. Haifar su ake yi don hoton, a raba su da uwa, idan sun girma kuma ba sa komawa daji. An daɗe ana wannan rigimar a Afirka ta Kudu, inda irin waɗannan zakunan ke ƙarewa a hannun masu biya su harbe su cikin shinge. Kafin ka ba da ko kwabo, ka nemi ganin lasisinsu na hukumar namun daji, ka ji wane likita ke duba musu, ka nemi rahoton shekara: nawa suka shigo, nawa aka saka, nawa suka mutu, nawa aka kashe don sauƙaƙa musu azaba. A cibiyar gaskiya ba kiwo don haihuwa, ba saye, ba sayarwa, ba taɓawar baƙi.

Hajiya_Tsuntsaye: Baba ya faɗi gaskiya. Akwai ma masu tantancewa, irin su GFAS, ƙungiyar duniya mai tantance cibiyoyin ceton dabbobi da aka kafa a 2007, da PASA, ƙawancen cibiyoyin birai a Afirka tun 2000. Sai dai kada a mai da takardarsu sharaɗi. Ƙananan cibiyoyi da yawa na aiki mai kyau ba su da ma'aikacin da zai zauna cike takardun.

Baba_Mai_Shakka: Wanda ba ya iya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, Hajiya, ban ga yadda zai iya rubuta awon magani ba.

Hajiya_Tsuntsaye: Littafin jinya daban, takardar tantancewa daban, Baba. Na farkon dole ne.

Ɗan_Baiwa22: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba a barin masu ba da tallafi su ga marasa lafiyar? Ai kuɗinsu ne.

DaktanDaji: Don a wurin dabbar daji kai maharbi ne, kallonka kaɗai tsoro ne. Barewa da gada da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, tsananin firgita da kokawa na narkar musu da tsoka, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, su mutu bayan kwanaki alhali raunin farko ya warke. Ɗaya gefen kuma sabo ne. Ɗan tsuntsun da ya buɗe ido ya ga mutum na ciyar da shi na iya ɗaukar kansa mutum har abada, ba zai nemi jinsinsa ba, kuma zai sauka kan mutane neman abinci. Shi ya sa ake haɗa shi da 'yan uwansa, ko a sa masa madubi, a ciyar da shi ta bayan labule. Babbar ungulun Kalifoniya, da aka kama ta ƙarshe da ta rage a daji a 1987, lokacin duka jinsin saura 27 kacal, da safar hannu mai siffar kan uwa aka riƙa ciyar da 'ya'yanta. Cibiyar da ta hana ka shiga ɗakin jinya ta san aikinta. Wanda ake nuna wa baƙi sai dabbar da ba za ta iya komawa daji ba, ba ta cikin ciwo, kuma tana da wurin ɓuya idan ta gaji da idanu.

Gaskiya_Ɗaya: Ni dai cibiyar da ta fi yawan sakin dabbobi zan ba, lissafi a fili.

MalamKiwo: Wannan lissafin na ruɗi. Cibiyar da ke karɓar duk abin da aka kawo, har wanda mota ta murƙushe, adadinta zai yi ƙasa da na mai zaɓen masu sauƙi. Kuma saki ba shi ne nasara ba. Shahon da fiffikensa ya haɗe a karkace zai tashi daga hannunka a ɗauki hoto, yunwa ta kashe shi cikin sati biyu. Kafin a saki mikiya ana son kejin tashi mai tsawon kusan mita 30, a ga tana juyawa, tana sauka daidai, ba ta haki. Kunkuru kuwa inda aka tsince shi ake mayar da shi. Ka tambaye su ko suna sa zobe ko wata alama don bin sawu.

Sarkin_Shara: Tunda an ambaci kejin tashi: masu hannu da shuni sun fi son gini, don ana rubuta suna a jiki. Amma gini ba ya ciyar da kansa. Kowane sabon keji ƙarin baki ne. Shaho da mujiya ba a ba su tsokar nama zalla, sai ɓera ko ɗan tsako gaba ɗaya da ƙashi da gashi, in ba haka ba kalsiyam ya gaza, ƙashin 'ya'yan ya lanƙwashe kamar roba. Masu cin daskararren kifi sai an ƙara musu bitamin B1. Fitilar da ke maye wa kunkuru da guza hasken rana na daina aikinta cikin wata shida zuwa shekara ko da tana haske. Sandar tsayawa sai an naɗe ta da abu mai laushi, ko tafin ƙafa ya kumbura ya yi ruwa. Duk wanda zai gina, ya haɗa da kuɗin riƙe wurin na aƙalla shekara biyu. Idan kuma gini ɗaya za a yi, ɗakin killacewa ne: kwana 30 ga yawancin sabbin zuwa, birai kusan wata uku da gwajin tarin fuka. Aku ɗaya da aka ƙwato daga masu fasa-ƙwauri, idan ya shiga cikin sauran ba killacewa, zai iya kwantar da ɗaki guda.

Mai_Neman_Sani: Allah ya saka da alheri. To idan abin da ke hannu ba yawa, a raba tsakanin jinya da wayar da kai, ko a zuba wuri ɗaya?

DaktanDaji: Kada ka raba, kada ka sa sharaɗi. Idan ka yarda da su, bar su su kashe inda ya fi ƙuna. Kuɗin da aka ce na mujiya kaɗai ba ya gyara firizar da ta mutu, abincin mujiyar kuma a cikinta yake.

Malama_Ilimi: Ni kuma na ce a sa sharaɗi, Dakta. Duk ranar da aka matsu, kuɗin wayar da kai ake fara taɓawa, don dabbar da ke zubar da jini a gabanka ta fi wadda ba a kawo ba tukuna ƙarfin murya. Idan ba wanda ya keɓe masa rabo, ba zai taɓa samu ba.

Baba_Mai_Shakka: Ku biyun duk kun tsallake rahoton shekara. A gan shi tukuna.

Direban_Dare: Ya kira su ya tambayi watan da suka fi shan wuya. Galibi lokacin haihuwar dabbobi ne, kuma a lokacin man mota da hannu suka fi ƙaranci.

Hajiya_Tsuntsaye: Idan zai kira, kada ya kira da sassafe, lokacin ciyarwa ne, ba mai ɗauka. Kuma Ɗan_Baiwa, idan har yanzu kana son kai wani abu da hannunka, sirinjin mililita 1 ka saya, marar allura.